Amsar Baffa kan rabon ƙannen sarki a Faransa ta dā

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce tun da a Faransa ta dā babban ɗa ne ke gadon sarauta, ƙannensa fa, ina ake kai su? To, ba a barinsu suna zaman kashe wando a fada. Ƙasa ake yanka wa kowa, kusan yadda sarki a nan kan naɗa ɗansa hakimi, sai dai tasu 'ya'yansu na gadonta.

Ga misalin Alfons, wanda aka haifa a 1220. Ubansa, Sarki Luwi na Takwas, ya rasu a 1226, ya bar wasiyya a ba shi yankunan Puwatu da Obarnyi. Uwarsu Balanshi, 'yar sarautar Kastil, ita ta riƙe mulki har wansa Luwi na Tara ya yi wayo. Alfons yana ɗan shekara 8 aka yi masa baiko da Jan, 'ya ɗaya tilo ga mai mulkin Tulus. Kada ka ɗauka soyayya ce, sharaɗin sulhu ne bayan yaƙi, a 1229. Aka rubuta cewa in ba su haihu ba, Tulus ta zama ta sarki.

Sai a 1241 aka ɗaura masa takobin jarumta a garin Somur, aka damƙa masa ƙasarsa. Nan rigima ta tashi. Wani babban basarake, Hugu na Lusinyan, ya yi mubaya'a sannan ya warware ta, ana cewa matarsa Isabela ce ta zuga shi, don ta taɓa zama matar sarkin Ingila, ga ɗanta bisa karagar can. Sai da aka gwabza a 1242 kafin ya sauko.

Shi kuwa Alfons, mutum ne mai tsantseni a lissafin haraji, amma a wajen caca hannunsa sake yake. In ya ci, sai ya sa a buɗe ƙofa, ya riƙa dumbuzar kuɗi yana raba wa jama'a. A 1250, a yaƙin da Faransawa suka kai Masar, Musulmin can suka kama shi tare da wansa sarki, bayan an kashe ɗan'uwansu Robar a Mansura.

A 1271, kan hanyar dawowa daga yaƙin Tunis, shi da Jan suka rasu a Italiya, kwanaki kaɗan tsakani, ba ɗa ba jika. Ƙanensa Sharl ya nemi gado, kotun sarki ta ce atafau, ƙasar ta koma hannun Sarki Filib na Uku, ɗan Luwi na Tara.

Ka gaida mini da mamanka.