Yaya zan gane bayanin kayan aikin AI ya yi kyau?

Ɗan'uwa, ka ce manhajar AI da ka haɗa wa shagonku a Nima tana yawan kiran kayan aikin da ba shi ba (wato ayyukan da ka ba ta damar kira, kamar duba oda), kana zargin bayanin da ka rubuta wa kowanne.

Ga gwajin da nake yi. Buga bayanin a takarda, ka miƙa wa sabon yaron shago. In ya daburce, ita ma haka, domin sunan kayan aikin da bayaninsa da guraben cikewa kaɗai take gani, ko da MCP (tsarin haɗa AI da kayan aiki) ka haɗa ta.

Ni ma na sha ta. Na rubuta "kuɗi" kawai a gurbin MoMo (biyan kuɗi ta waya), ban ce sidi ko pesuwa ba. Cinikin sidi 50 ya koma pesuwa 50, Allah ya so gwaji ne! Lambar waya ma ka fayyace: da 233, lambar ƙasar Ghana, za ta fara ko da sifili?

Sai masu kama da juna. "Duba oda" da "nemo oda", wa zai bambance? Rubuta lokacin da bai kamata a kira kowanne ba, sannan ka jefa mata tambayoyin kwastomomi 20 na gaske, ka ƙirga sau nawa ta yi ɓatan kai.