Ɗan farina ya rufe kansa a ɗaki tun da aka rufe jami'a

TAMBAYA (wasiƙar shekarar 2020): Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Agege, maigidana yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ɗan farina yana aji uku a jami'a. Tun watan Maris da aka sallame su saboda korona yake gida, ga yajin aikin malamai ya ƙi ƙarewa. Da farko yana bin babansa kasuwa, yanzu ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Barci da rana, waya da dare, abinci sai ya yi sanyi a inda aka ajiye. Babansa ya ce lalaci ne, kakarsa ta ce sammu ne. Shekaranjiya ƙanwarsa ta ji yana cewa shi kam zamansa a duniya ba shi da amfani. Ni kuma, da yake shi ɗan fari ne, ba ma doguwar magana. Yaya zan yi?
Wata uwa, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kalmar da ƙanwarsa ta ji ita ta hana ni ajiye ta sai wani mako.

Yau ki shiga ɗakinsa. Na san kunyar ɗan fari, ni ma ban taɓa kiran sunan nawa ba. Amma ki ajiye ta a bakin ƙofa na rabin awa. Ki kai masa shayi da hannunki, ki zauna a bakin katifa, ki ce, "Na ji abin da ka faɗa, kuma hankalina ya tashi. Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Haka za ki faɗa, ba kwana-kwana. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don ya ga akwai wanda ya lura. Idan ya amsa, kada ki yi salati da kuka, kada ki fara wa'azin wuta. Ki saurara kawai. In ya ce e, musamman in har ya tsara yadda zai yi, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767. Kafin ma ki shiga, ki kwashe fiya-fiya da tarin magungunan da ke gidan, ki kulle.

Alamomin da kika lissafa, rashin sha'awar komai, rikicewar barci, ƙin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, idan suka wuce mako biyu likitoci suna zargin ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana jin magani. Ki duba abin da yaron nan ya sha. An kulle Legas daga 30 ga Maris zuwa 4 ga Mayu, 2020. Aka buɗe gari, kasuwa ta dawo, shi kuwa wata takwas ke nan ba aji, ba abokai, ba ranar komawa. Ƙila yana ganin sa'o'insa na jami'o'in kuɗi suna karatu ta intanet, shi yana ƙirga kwanon rufi. Matashin da duk unguwa ke kira "ɗan jami'a" ya wayi gari yana roƙon kuɗin kati. Abin yana cin rai.

Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku. Likita zai duba ko ƙarancin jini ko wata cuta ce ta jawo kasalar, zai kuma tambaye shi a keɓe ko yana shan tiramadol ko kodin, tambayar da ba zai amsa a gaban babansa ba. Daga nan a tura ku sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. Na san tsokanar da ake yi da sunan Yaba a garin nan. Na raka 'yar yayata asibitin ƙwaƙwalwa bara, tana ta jan mayafi don kada a gane ta. Waɗanda muka tarar a layi ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, kowa riƙe da katinsa. Ta ga likita, muka hau mota muka koma gida kafin la'asar. In an ba shi magani, yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma ba a yanke shi sai da izinin likita.

Kaka kuma kada a yi musu da ita. Ta ci gaba da addu'a, muna bukatarta, amma a haɗa da asibiti, kuma kada a kai shi inda ake ɗaure mutum ko dukansa.

Maigida ya fi bukatar lallashi. Ki same shi bayan ya ci abinci, ki roƙe shi ya daina kiran yaron malalaci a gaban ƙannensa. Maimakon haka ya ba shi littafin bashin rumfa ya riƙa yi masa lissafi kwana biyu a mako, ya kuma biya shi ko kaɗan ne. Ki nemo amininsa na makaranta, ki sa masa kati, ki ce ya riƙa kira. Da safe a ɗaga labule, abokin unguwa ya biyo masa su taka zuwa masallaci.

Ki sake rubuto mini bayan mako biyu, ina so in ji abin da ya ce miki. Allah ya ba shi lafiya.