Amsa ga mai tambaya kan makomar ɗan kamasho

Salamu alaikum yan uwa. Ƙanena da ya tambaya wai ya gaji sana'ar babansa ta kamasho ko kuwa waya da motoci masu tuƙa kansu za su kashe ta, toh bari in sa baki, don ni tun kafin a buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 tankoki su cika hanyar Tanut nake haɗa mai kaya da mai mota a nan Damagaram.

Abinda ka ji ba ƙarya ba ne. A Amurka tun 2017 aka fito da Uber Freight, mai kaya ya sa lodinsa a waya direba ya danna ya ɗauka, kuma a 2025 kamfanin Aurora ya fara sakin tirela tsakanin Dallas da Houston ba kowa a sitiyari. Amma masu yaɗa labarin ba sa faɗa maka kamfanin Convoy, mai irin aikin Uber Freight, wanda ya zo da niyyar ture dillalai, ya rufe a Oktoban 2023 da kuɗin lodi ya faɗi. Kuma motar da ba direba, wa zai sauko ya gaisa da jandarma, wa zai tone ta in yashi ya riƙe ta a hanyar Agadas?

Mu nan WhatsApp ne ma ya fara cin mu. Da can abinda muke saidawa shine sanin wace kamiyo ce ke tsaye ba kaya, yanzu Alhaji na zaune a shagonsa a kasuwar Dole zai tura murya guda a gurup, kafin ya sha shayi direbobi biyar sun kira shi. Wannan la'adar ta tafi kuma ba ta dawowa, kar wani ya ruɗe ka.

Abinda ya rage mana shine tsaya wa direba, wato mu ɗauki alhaki in abu ya ɓaci. Ni kaina na taɓa ba wani direba lodin wake zuwa Kano ta Matamai, ban san maigidansa ba, ban san garejinsa ba, lambarsa kawai na gani a gurup, na karɓar masa abans na gazuwal, wato kafin alƙalami na kuɗin man mota, mota ta lalace bayan Kance cikin dare sai bawan Allah ya kashe waya ya bar karen mota da kaya a bakin hanya. Mai wake bai nemi direba ba wallahi, ƙofar gidana ya zo da asuba. Ni na nemo wata mota, na biya yan dako suka juye buhunan, abans ɗin kuwa sai da na yi wata huɗu ina biya kaɗan kaɗan. Har yau Alhajin ba ya lodi sai ta hannuna, don ya ga inda zai kama in abu ya ɓaci.

Sai kayan dawowa. Mai mota in ya kai gero Agadas ya dawo wayam ya yi asara, wanda ya san mai albasa a can ya tanadar masa lodi tun kafin ya sauke, shi ne ba a tsallakewa.

Don haka ka shiga, amma kar ka zauna a benci kana jiran mota kamar zamanin su baba. Ka iya takardun duwan wato kwastan, ka iya bin mota da GPS, kuɗi ka tura ta Nita ko Amana ka ajiye rasit, kuma kar ka tsaya wa direban da ba ka taka gidan maigidansa ba. In kana gari ka zo tasha ranar Alhamis da safe ka ga yadda ake lodi.