Amsa ga ƙanwarmu mai son karatun fim ko zanen gine-gine a ƙasar waje

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ga tambayar da kika ajiye jiya da daddare, cewa kina son fita waje karatu, ranki ya rabu tsakanin fim da zanen gine-gine, kuma kina so a faɗa miki jami'ar da ta fi suna. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya, ƙila wani ma ya ƙaru.

To, maganar suna ki ɗan ajiye ta tukuna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Karatun nan biyu kowanne da abin da ake dubawa kafin a zaɓi makarantarsa.

Shi zanen gini sana'a ce mai lasisi. Ko kin fi kowa iya zane, in babu rajista ba ki da ikon kiran kanki akitek a ƙasashe da yawa. Don haka tambayar farko ita ce, wannan digirin, hukuma ta amince da shi? A Ingila hanyar da aka saba ita ce shekara 3 na digirin farko, ki fita ki yi aiki shekara guda a ofishin masu zane, ki dawo ki ƙara shekara 2, ki sake yin aiki shekara guda, sannan jarabawar ƙarshe. Aƙalla shekara 7 ke nan. Hukumar ARB ce ke yin rajista, RIBA kuma ƙungiyar masu sana'ar ce, kuma yanzu haka ARB na sauya wannan tsarin, don haka ki shiga shafinsu ki karanta da idonki. A Amurka kuwa, a nan mutane suka fi faɗawa rami. Akwai digirin shekara 5, B.Arch, wanda hukumar NAAB ke tantancewa. Akwai kuma na shekara 4 mai ɗauke da sunan zanen gini, amma a yawancin jihohi ba ya kai ki ga lasisi sai kin ɗora mastas. Sunayen sun yi kama, kuɗin da shekarun kuwa ba ɗaya ba ne. Sannan, don Allah, kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa hukumar rajista ta ƙasar da kike niyyar yin aiki a cikinta, ki tambaye su ko sun san da wannan digirin.

Ki lura da harshe ma. Delft ta Holan da ETH ta Zurich manyan jami'o'i ne, amma digirin farko a Delft da Holanci ake yi, a Zurich da Jamusanci. Politecnico di Milano ta Italiya tana da na Turanci, sai dai akwai jarabawar shiga.

Yauwa, fim. Shi babu lasisi, babu mai tambayarki takarda ranar ɗaukar fim, aikinki ake kallo. Amma akwai kwas iri biyu, kuma wallahi ina jin zafin yadda ake ruɗa su. Ɗaya nazarin fim ne, wato tarihi, sharhi, rubuta maƙala. Karatu ne mai kyau, amma kina iya gamawa ba ki riƙe kyamara da sunan darasi ba. Ɗayan kuma shirya fim ne, inda ake koyon ba da umarni, ɗaukar hoto, haske, sauti da tacewa. Kada ki tsaya a sunan kwas, ki buɗe jerin darussan shekara-shekara. Ki tura musu imel ki ce, fim nawa ɗalibi ke yi kafin ya gama? Daga wace shekara ake ba shi kayan aiki? Wa ke biyan kuɗin fim ɗin kammalawa, kuma wa ke da haƙƙin mallakarsa? Domin akwai makarantun da ke riƙe haƙƙin, akwai kuma waɗanda ke bar miki fim ɗin da ɗawainiyarsa duka. Manyan da ake yawan ambata, irin NFTS ta Ingila da AFI ta Los Angeles, galibi na masu neman mastas ne. FAMU ta birnin Prag, wadda aka kafa a 1946, kyauta ce in da harshen Cek za ki yi, na Turanci biya ake yi.

Abin da ya haɗa su biyun, kuma shi ne na fi so ki riƙe, shi ne fotfoliyo, wato tarin ayyukan hannunki. Na zanen gini ba filan gida na kwamfuta suke nema ba, wannan su za su koya miki. So suke su ga idonki. Ki ɗauki fensir ki zauna gaban matakalar bene, ki zana yadda inuwa ke faɗowa a kan kowane taki da safe, ki dawo da yamma ki sake zanawa. Ki yi ɗan gini da kwali ki ɗauki hotonsa. Har shafukan da kika goge kika sake, ki saka su, don su ne ke nuna yadda kike tunani. Na fim kuma, wayarki ta isa. Minti uku, mutum biyu, ɗaki ɗaya, labari mai kai da gindi. Ki kula da sauti sosai, ki kashe fanka, ki matso da makirfo kusa da bakin mai magana. Hoto mai ɗan duhu ana haƙuri da shi, amma maganar da ba a ji tana kashe fim nan take. Kuma kada ki bari wani ya yi miki, domin a ganawa za su tambaye ki dalilin kowane abu.

Lokaci da kuɗi a taƙaice. Ingila ta UCAS ake nema, wato shafin neman shiga jami'o'insu, zaɓi 5, ana rufe yawanci a Janairu, Kambirij kuma 15 ga Oktoba. Jamus, yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, kuma biza na buƙatar ki nuna kuɗin zama, wanda tun Satumbar 2024 ya kai Yuro 11,904 a shekara. Ki ƙara da kuɗin kwali, gam da buga manyan takardu, ba a rubuta su a takardar kuɗin makaranta.

In kin tambaye ni ra'ayina, matuƙar son da kike musu daidai ne, ki fara da zanen gini. Daga can ƙofar fim a buɗe take, musamman tsara wuraren ɗaukar fim, NFTS ma tana da mastas a kansa. In kuwa fim ne ya fi kama ranki, ki tafi gare shi kai tsaye, Amurka na da mastas na zanen gini na kimanin shekara 3 ga wanda ya karanta wani fannin. Shekara bakwai na zanen gini ana kwana a situdiyo ba abin da za a yi don faranta wa wani ba ne.

Ki turo min zane biyar da ɗan gajeren fim ɗaya kafin ƙarshen wata, mu duba tare. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri.