Inshorar mota iri uku ce, wacce za ta gyara mini tawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Nima, nan Akra. Na sayi Toyota Vitz ta hannu, ƙanena zai riƙa aikin Bolt da ita, wato hayar da ake kira ta manhajar waya, yana kawo mini kuɗi duk mako. Wakilin inshora ya yanka mini farashi uku, na ƙarshen ya ninka na farkon sau da yawa. Ƙanen nawa ya ce in ɗauki mai arahar, tunda ɗan sanda takarda kawai yake dubawa. Mene ne bambancinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a motar. Ƙanenki bai yi ƙarya ba game da ɗan sanda, sai dai ba ɗan sanda ne zai kai motar gareji ba ranar da tsautsayi ya faɗa.

Mai arahar ita ce inshorar ɓangare na uku, wadda direbobi ke kira tad-fati. Ke ce ɓangare na farko, kamfanin inshora na biyu, na ukun kuwa shi ne duk wanda motarki ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa, mai babur, ko mai motar da aka daka wa ta baya. Dokar shekarar 1958 ce ta wajabta ta a Gana, saboda haka babu motar da ya halatta ta hau titi ba tare da ita ba. Idan ƙanenki ya buge wani a Kaneshie, kamfani zai biya diyyar rauni ko ta rai. Idan motar wani ya fasa, za su biya, amma akwai iyakar da aka sa wa diyyar dukiya, kuma ba ta da yawa. In ya gogi wata sabuwar Land Cruiser, fitilunta kaɗai na iya cinye kuɗin, ragowar kuma daga aljihunki zai fito. Ana iya ƙara ɗan kuɗi a ɗaga wannan iyakar, ki tambayi wakilin. Motarki kuwa, ko ta yi raga-raga, ko fesuwa ɗaya, wato ko kwabo, ba za su ba ki ba.

Ta tsakiyar ita ce wannan ɗin dai, an ƙara mata gobara da sata. In motar ta ƙone ko aka sace ta, za a biya ki. In karo ta yi, babu.

Mai tsadar ita ce cikakkiyar inshora. Ta haɗa duk abin da na lissafa, sannan tana gyara motarki ko da direbanki ne da laifi. Yawanci har da ambaliya, kuma wanda ke zaune a Akra bai kamata ya raina wannan ba. Duk mun tuna daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a Kwame Nkrumah Circle, nan Akra, aka yi asarar rayuka da motoci masu yawa. Har gobe in kogin Odaw ya cika ya batse, motoci yake fara ci. Duk da haka, ki sa a nuna miki inda aka rubuta ambaliya a takardar, kada ki tsaya ga maganar baki.

Kuɗin cikakkiyar yana bin darajar motar ne, kuma a nan mutanenmu ke cutar kansu. Sai a rage darajar don kuɗin ya sauka. A ce motar ta kai sidi 100,000, kika rubuta 60,000. Ta yi hatsarin da gyaransa zai ci 20,000. Kamfani zai ce kashi 60 cikin 100 na motar kika yi wa inshora, don haka 12,000 zai bayar. Daga ciki ma za a cire wani kaso da aka shardanta cewa mai mota ne zai ɗauka a kowane hatsari. Ga kayan gyara a Abossey Okai, farashinsu dala yake bi, saboda haka duk shekara in za ki sabunta, ki sake ƙiyasta darajar motar. Shekarar da ba ki nemi diyya ba kuma akwai rangwame, ki tambaya, don ba kowane wakili ne zai tuna miki ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne Bolt. Inshorar motar gida daban, ta motar haya daban, ta hayar ce ta fi tsada. Idan kika rubuta motar gida ce, sannan aka yi hatsari da fasinja a ciki, kamfani na da hujjar ƙin gyara miki motar, ko da cikakkiyar kika saya. Ki faɗa musu gaskiyar aikin da za ta yi da wanda zai tuƙa ta, kuma ki ga lasin tuƙin ƙanenki na hukumar DVLA da idonki, ki tabbatar bai ƙare ba.

Da ni ne, motar da nake jiran ta mayar da kuɗinta, a hannun matashi tana yawo daga safe har dare, cikakkiyar zan yi mata, aƙalla har ta biya kanta. In kuɗin ya gagara, ki ɗauki ta tsakiyar ki ɗaga iyakar diyyar dukiya, sannan ki riƙa ware wani abu daga kuɗin mako don gyara.

In Allah ya ƙaddara hatsari, a ɗauki hoto, a kai rahoto ga 'yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar motoci, a sanar da kamfani da wuri, kuma kada makaniki ya taɓa motar kafin mai ƙiyasinsu ya gan ta. In suka yi ta ja miki rai, hukumar NIC mai sa ido kan kamfanonin inshora tana karɓar koke.

Takardun bogi ma suna nan, shi ya sa NIC ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci a 2020. Kafin ki bar gaban wakilin, ki danna *920*57# a wayarki, ki shigar da lambar motar. In bayanan inshorar ba su fito ba, kada motar ta fita aiki sai ya gyara.