Hawainiyata ta bar rassa ta koma ƙasan keji: ɗabi'a ce ko ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon hawainiya irin ta ƙasar Yaman, wadda aka ce min watanta takwas da ƙyanƙyashewa, amma wanda na saya a hannunsa bai gaya min mace ce ko namiji ba. Da can kullum tana saman rassa. Kwanan nan sai ta riƙa saukowa ƙasa tana kai-komo, wani lokaci har tana tonon kusurwar kejin da ƙafafunta na gaba, kuma cin abincinta ya ragu. Ko na mayar da ita sama ba ta jimawa take sake saukowa. Kejin na gilashi ne, tsayinsa santimita 60, da fitilar ɗumi guda ɗaya a samansa. Ɗabi'arta ce haka, ko ba ta da lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka damu. Hawainiyar Yaman dabbar bishiya ce. Yatsunta a haɗe suke gida biyu don damƙar reshe, jelarta ma riƙo take yi. A ƙasa ba ta da gudu, ba ta da mafaka, shi ya sa lafiyayya ba ta zama can haka kawai. Takan sauko ta cafke gyaren da ya kuɓuce ko ta tsallaka zuwa wata shuka, ta koma sama cikin 'yan mintuna, wannan ba komai ba ne. Amma wadda take yini a ƙasa, ko take kwana a can, akwai abin da ya sauko da ita. Akwai wasu ƙananan hawainiyoyi, irin na jinsin Brookesia da Rieppeleon, waɗanda asalinsu mazauna cikin busassun ganye ne a ƙasa, amma taka ba cikinsu take ba.

Daina mayar da ita sama. Hakan ba ya maganin komai, tsorata ta kawai yake yi, kuma idan rashin ƙarfi ne ya sauko da ita za ta iya faɗowa ta karye.

Abu na farko, gano ko mace ce. A irin ta Yaman wannan ba wuya: duba bayan dunduniyar ƙafafunta na baya. Namiji yana da wani ɗan tsiro a wurin tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi, mace kuwa wurin sumul yake. Tudun kan namiji ma ya fi tsayi idan ya girma. Bisa abin da ka bayyana, wato kai-komo, tono, raguwar ci da kuma shekarunta, mun fi zaton mace ce mai ɗauke da ƙwai tana neman inda za ta binne su.

Mutane da yawa sukan ce ai ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Ba ta bukatar namiji kafin ta yi ƙwai, kamar dai kaza; ƙwan ne kawai ba zai ƙyanƙyashe ba. Macen wannan jinsi na iya fara ɗaukar ƙwai tun tana wata biyar ko shida, kuma a zubi ɗaya takan yi daga 20 har zuwa 70, wani lokaci fiye. Dubi cikinta daga gefe, kusa da ƙafafun baya: za ka ga ya cika, wataƙila har da ɗan tudu-tudu a ƙarƙashin fata. Kada ka matsa cikin da yatsa don ka tabbatar. Ma'aunin giram ya fi aminci, domin nauyinta zai ƙaru duk da ta rage ci.

Idan haka ne, yau ɗin nan take bukatar wurin zuba ƙwai, ba gobe ba. Macen da ba ta sami inda za ta tona rami ba takan riƙe ƙwan a ciki, kwana ya yi ta tafiya, ƙarfinta ya yi ta raguwa, har ta kai ko an ba ta wurin ba za ta iya naƙuda ba. Wannan maƙalewar ƙwai tana cikin manyan abubuwan da ke kashe matan hawainiya a hannun masu kiwo, kuma abin baƙin ciki shi ne bokiti ɗaya na yashi kan hana ta.

Ka nemo bokiti ko mazubi marar shara-shara, faɗinsa kamar santimita 30, ka zuba masa wankakken yashi, ko rabi yashi rabi ƙasa wadda babu taki ko maganin ƙwari a cikinta, zurfin santimita 25 zuwa 30. Danshin shi ne muhimmi. Ka jiƙa, ka cakuɗa har ƙasan mazubin, sannan ka tona rami a karkace da cokali. Idan ramin ya tsaya bai rufta ba, kuma ka damƙi yashin a hannu ruwa bai ɗigo ba, ya yi. Busasshen yashi zai rufto mata, mai ruwa da yawa kuma za ta ƙi shi. Sa reshe ɗaya ya sauka har cikin mazubin don ta shiga ta fita da kanta. Da yawansu sun fi son tono a gindin shuka, don haka dasa 'yar ƙaramar shuka a gefe yakan taimaka.

A nan ƙanƙantar kejinka za ta ba ka matsala, domin mazubi mai zurfin 30 zai cinye rabin keji mai tsayin 60, ya tura ta dab da fitila. Idan bai shiga ba, yi amfani da babbar garwar roba mai tsabta: yashi a ƙasa, reshe da shuka a ciki, raga a sama, haske daga nesa kaɗan. Ka sa ta ciki lokacin da ka ga tana tono.

Daga nan sai ka ba ta sirri. Rufe gefen kejin da zane, ka bar sama a buɗe don iska. Idan ta gan ka tana tsakiyar tono, za ta ɗauka maƙiyi ya gano ramin, ta bar shi, kuma barin rami sau da yawa shi ke kai ta ga riƙe ƙwan. In dole ne ka duba, leƙa ta 'yar kafa ba tare da ta gan ka ba. Takan tona ramukan gwaji kafin ta zaɓi ɗaya. Za ta shiga da kai har ta ɓace, ta juyo ta zuba ƙwan, ta cike ramin, ta daddale saman, sannan ta hau reshe. Aikin na iya ɗaukar sa'o'i kaɗan, yana kuma iya cin yini da kwana. Idan dare ya same ta a rami, kashe fitila a lokacin da ka saba, ka ƙyale ta. Za ta fito a rame, jiki duk yashi. Ruwa za ka fara ba ta, ka fesa sosai ta sha, sannan abinci da aka barbaɗa wa garin kalsiyam. Bayan ta koma sama ka tono ƙwan ka ƙirga, ka zubar tunda ba na ƙyanƙyasa ba ne.

Akwai lokacin da bokiti ba ya isa. Idan an yi kwana biyu ko uku da ba ta wurin tana ta tono tana bari, ko ta daina tonon gaba ɗaya ta zauna a ƙasa ido a rufe, ko ta zubar da ƙwai biyu-uku a warwatse cikin yana nan a cike, kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san dabbobi masu jan ciki a ranar. Zai ɗauki hoton ciki, yana iya yi mata allurar kalsiyam da ta tayar da naƙuda, in abin ya ƙi sai tiyata. Jinkiri a wannan mataki shi ke sa a rasa ta.

Yanzu batun fitila, wanda ya fi damun mu a cikin wasiƙarka. Ka ambaci fitilar ɗumi kaɗai, ba ka ambaci ta UVB ba, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Da wannan haske fatar hawainiya ke haɗa bitamin D3, kuma idan babu D3 hanjinta ba ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci komai yawan garin da ka barbaɗa. Jiki sai ya koma yana ɗiba daga ƙashi. Ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, harshe ya kasa cafko ƙwaro daga nesa, damƙa ta yi rauni, har ta fara riƙe ƙafarta da ɗayar ƙafar tana zaton reshe ne. A ƙarshe ta faɗo ko ta sauko, ta kasa komawa. Ga mace abin ninki biyu ne: ɓawon ƙwai kalsiyam yake ci, tsokar da za ta turo ƙwan waje ma da kalsiyam take aiki.

Ga yadda za ka bambanta. Mai neman wurin ƙwai tafiya take da ƙarfi, ciki a ɗage daga ƙasa, idanu biyu suna juyawa. Mai ciwon ƙashi jan ciki take, tana rawar jiki, idan ta hau yatsanka za ka ji riƙon babu ƙwari. Duba gwiwar hannunta: ta lafiyayya kusurwa ɗaya ce tsaf, ta mai ciwo kuwa kamar baka, ko kamar gwiwa biyu a hannu ɗaya. Idan ka ga haka, shimfiɗa tawul a ƙasan kejin, sauko da rassan ƙasa-ƙasa don kada ta faɗo daga nesa, ka tafi asibitin dabbobi. Ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa, amma ana iya tsayar da ciwon ta ci gaba da rayuwa.

Sayi doguwar fitilar UVB irin T5 mai ƙarfin kashi 5 ko 6 cikin ɗari, ka ɗora ta kan raga, reshen shan ɗumi ya kasance kimanin santimita 20 a ƙarƙashinta. Gilashi da roba suna tare UVB, don haka ajiye keji a jikin taga ba ya wadatarwa. Fitilar tana ci gaba da haske bayan ƙarfin UVB ɗinta ya ragu, shi ya sa ake sauya ta duk shekara ko da ba ta mutu ba. Rubuta ranar da ka sa ta a jikinta. Sa'a 12 a kunne, sa'a 12 a kashe, kuma da dare duhu sosai. Gyare da yawancin ƙwarin da ake ciyarwa sun fi yawan fosfarus a kan kalsiyam, saboda haka a barbaɗa kalsiyam marar D3 a kusan kowane ci, mai D3 da sauran bitamin kuwa sau biyu a wata.

Zafi ma yana koro ta ƙasa, kuma a ƙaramin kejin gilashi wannan abu ne mai yiwuwa ƙwarai. Hawainiya ba ta gumi. Idan sama ta yi zafi, sauka take zuwa inda ya fi sanyi. Alamarsa ita ce launinta ya yi fari-fari, baki a buɗe, kuma saukar tana zuwa ne bayan fitila ta jima a kunne. Kada ka yi kintace, ɗaura bakin ma'aunin zafi a kan reshen da take kwanciya. Babban namijin Yaman yana son digiri 29 zuwa 32 a wurin shan ɗumi, mace kuwa 27 zuwa 29 ya ishe ta. Tsakiyar keji ya kasance 22 zuwa 26, da dare ya sauka ƙasa da 20 idan da hali. Irin ta Jakson mai ƙaho uku, wadda asalinta tsaunukan Kenya da Tanzaniya ne, ta fi haka son sanyi. In zafin ya wuce, rage ƙarfin ƙwan fitilar ko ka ɗaga ta sama. Gyaran da zai ɗore shi ne keji mai raga, faɗi 60, zurfi 60, tsayi 120, cike da rassa a kwance masu kaurin da yatsunta za su kusan zagaye, da shuke-shuke masu ganyen da za ta ɓuya. A ɗora shi kan tebur yadda reshen sama zai kai tsayin idonka ko ya wuce, domin hawainiyar da ake kallo daga sama hankalinta ba ya kwanciya, sai ta yi ta yawo tana neman mafita.

Idan kuwa ka duba ka ga namiji ne, mai ƙarfi, mai ci, yawon nasa yawanci na balaga ne ko na ƙuncin wuri. Ganin hoton kansa a gilashi ma yana tayar masa da hankali. Hawainiya biyu a keji ɗaya kuma ba ya yiwuwa: mai ƙarfin za ta mallaki sama, ɗayar ta ƙare a ƙasa, launi a duhu, tana ramewa.

Duba kashinta ma. Farin ɓangaren da ke fita tare da shi ya kamata ya zama fari ko ruwan madara. Idan ya koma ruwan lemo gaba ɗaya, ga idanu sun faɗa, ƙarancin ruwa ne. Ba ta shan ruwan kwano, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Fesa safe da yamma, minti biyu zuwa biyar kowane karo, ka kuma sa abin ɗigo a kan ganye da rana. Idan ka gan ta tana cin ƙasa, wannan kan nuna ƙarancin ma'adinai, kuma tsakuwa ko ɓawon itace da ta haɗiya na iya toshe hanji, don haka ƙasan kejin ya zama fili, tukwanen shuka kuma a rufe bakinsu da duwatsun da suka fi ƙarfin bakinta.

Wasu alamomin ba a jira da su ko da kwana ɗaya: rufe ido da rana, ɗaga hanci sama tana numfashi da baki tare da yauƙi ko ɗan ƙara, kumburin gaɓoɓi, kwana a ƙasa, ko kasa riƙe reshe. Hawainiya ɓoye ciwo take yi har sai ya ci ƙarfinta, saboda haka wadda ta nuna shi a fili ta daɗe da shi. Idan za ka je wurin likita, tafi da sabon kashinta a leda don awon tsutsar ciki, da hoton kejin, da kwalayen fitilu da garin da kake barbaɗawa. Sa ta a ƙaramin kwali mai duhu da tawul a ƙasa da sanda ɗaya a ƙasa-ƙasa da za ta riƙe.

Bayan ta zuba wannan ƙwan, bar mazubin yashin a kejin dindindin, kana duba danshinsa, domin za ta sake ɗauka bayan 'yan watanni. Yawan abinci da yawan zafi su ke sa mace ta yi ƙwai masu yawa a kai a kai, wanda ke gajarta ranta. Idan ta murmure, bayan kamar mako ɗaya na ci sosai, mayar da ita ga ƙwari uku ko huɗu, sau uku a mako, kuma ka riƙe wurin shan ɗuminta a digiri 27.