PS5 ko Xbox? Ga abin da na gani, ɗan'uwa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kuɗin na'urar wasan bidiyo ɗaya gare ka, kana waswasi tsakanin PS5 ta Sony da Xbox Series X ta Microsoft, wani kuma ya ba ka shawarar Series S tunda ta fi sauƙin kuɗi. Ka ce ƙwallo ka fi bugawa, kuma akwai ƙannenka da za su riƙa karɓar hannu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan. Na ga 'yan'uwa sun cika ka da lissafin ƙarfin inji, kowa na kare tasa. Ni tun zamanin PS2 nake cikin harkar nan, na riƙe PlayStation na riƙe Xbox, to bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Maganar ƙarfi dai, ajiye ta gefe. PS5 da Series X a wata ɗaya suka fito, Nuwamban 2020, kwana biyu tsakani, kuma kamfanin AMD ne ya ƙera wa dukansu ƙwaƙwalwar da ke ciki, kusan zubi ɗaya. A takarda Series X ta ɗan ɗara a ma'aunin ƙarfin inji, teraflop 12, ita kuwa PS5 10 da 'yan kai. Amma jera talabijin biyu ka kunna wasa ɗaya, da wuya ka ce ga wannan ga waccan. Idan ma talabijin ɗinka ba 4K ba ce, ko ba ta da ramin HDMI 2.1 mai ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa, rabin abin da ake wannan musu a kansa ba zai taɓa isowa idonka ba.

Tarihin gasar ma ya nuna haka. PS2 ba ta kai Xbox ta farko ƙarfi ba, ba ta kai GameCube ta Nintendo ba, amma an sayar da fiye da miliyan 160. Wii ta Nintendo ko kusa ba ta kama ƙafar PS3 da Xbox 360 ba wajen hoto, ta kuma fi kowaccensu kasuwa. Abin da ya fi shafarka kai tsaye shi ne abin da ya faru a 2013. A shekarar Microsoft ta fito da Xbox One a kan dala 499, ta kuma sanar cewa sai na'urar ta leƙa intanet duk bayan awa 24, tare da taƙaita aro da sayar da tsohon faifai. Mutane suka yi caa a kanta, ta janye waɗannan sharuɗɗa tun kafin na'urar ta shiga kasuwa, amma aikin gama ya gama. Sony ta sa PS4 a dala 399, jama'a suka tuɗaɗa can, har ta sayar da sama da miliyan 117. A wannan zamanin ne mutane suka fara tara wasanni a cikin asusunsu maimakon a kan kanta, suka tara abokai a wuri ɗaya. Da PS5 ta zo tana karɓar kusan duk wasannin PS4, ba wanda ya ga dalilin tashi. Shugaban Xbox na lokacin, Phil Spencer, da bakinsa ya amsa a 2023 cewa zamanin da suka sha kaye a cikinsa shi ne mafi munin zamanin da za a sha kaye.

Shi ya sa tambayar farko da zan maka ita ce: abokanka da kuke buga ƙwallo, wace na'ura ke hannunsu? Gaskiya ne wasan ƙwallo na EA Sports FC, wanda ya gaji sunan FIFA tun 2023, yana barin mai PS5 ya kara da mai Xbox Series ta intanet. Amma faifai ba ya tsallakawa. Idan abokanka huɗu na da PS5, kana da wuraren aro huɗu, kana da waɗanda za ku yi musanya da su, kana da wanda zai zo da hannunsa ya haɗa da na'urarka ku buga mutum huɗu. Na ga mutane da yawa sun sayi na'ura saboda wani ya burge su da lambobi, bayan wata biyu suna zaune su kaɗai, abokai na can ɗaya ɓangaren. Wannan ya fi kowane teraflop nauyi.

Sai wasannin da kowane gida ya keɓe wa kansa, kuma a nan ne abubuwa suka sauya sosai. Da can lissafin a fili yake: mai son God of War, Spider-Man, The Last of Us ko Gran Turismo ya nufi Sony; mai son Halo, Forza da Gears of War ya nufi Xbox. Microsoft ta zuba kuɗi na fitar hankali don ta ƙara nauyin ɓangarenta, ta sayi kamfanin da ya mallaki Bethesda, mai ƙera wasanni, a kan dala biliyan 7.5, sannan ta kammala sayen Activision Blizzard, mai wasan Call of Duty, a Oktoban 2023 a kan kusan dala biliyan 69. Mutane suka ɗauka shi ke nan Call of Duty zai bar PlayStation. Bai bari ba, an ma sa hannu a yarjejeniyar shekara goma cewa zai ci gaba da fitowa a can. Daga baya ita Microsoft ɗin da kanta ta fara kai nata wasannin gidan kishiya: Forza Horizon 5 da Indiana Jones sun shiga PS5 a 2025, Gears of War ma ya bi su. Sony kuwa, tana kai wasu manyan wasanninta kwamfuta bayan an jima, amma God of War da Spider-Man ba su je Xbox ba. Ka ga ke nan mai PS5 yana cin nasa yana kuma taɓa na maƙwabci, mai Xbox kuwa ƙofar Sony kusan a rufe take gare shi. GTA VI da kowa ke jira, an sanar da shi ga na'urorin biyu, don haka ba ya cikin abin da zai raba gardama.

Kada a ce na danne wa Xbox haƙƙinta, domin akwai abubuwan da na fi jin daɗinsu a can. Tana karɓar wasannin Xbox One, da ɗaruruwan na 360 da na Xbox ta farko, wasu ma sun fi kyau a kanta fiye da yadda suke a da. Tana da Quick Resume, wato ka bar wasa uku ko huɗu a tsakiya, ka dawo kowanne ka ci gaba daga inda ka tsaya cikin daƙiƙu kaɗan. Wanda ya saba da wannan yana kewarsa a PS5. Sai babban makaminta, Game Pass, wanda aka fara a 2017: ka biya kuɗin wata, a buɗe maka ɗaruruwan wasanni, a babban matakinsa har da sababbi ranar da suka fito. Ga mutumin da ke son ɗanɗana wannan ya ɗanɗana wancan, kuma intanet ɗinsa ba ta da iyaka, babu abin da ya kai shi.

Amma kai ƙwallo ka ce. Game Pass haya ce, ran da ka daina biya ƙofa ta rufe, wasanni kuma suna shiga suna fita, kuɗin ma an ƙara shi ba sau ɗaya ba. Sabon FC ba ya shiga ciki sai kakar ƙwallo ta yi nisa. Ba a kowace ƙasa ake samun tsarin a hukumance ba. Sannan komai sai ka sauke, alhali manyan wasannin yanzu wasu sun haura gigabait 100. Mutumin da zai shekara a kan wasa ɗaya ko biyu, gara ya sayi faifansa ya huta. Abin da ba ka da mafita a kansa shi ne, a duka ɓangarorin sai ka biya kuɗin wata kafin ka kara da mutane ta intanet a wasan da aka saya, PlayStation Plus a nan, Game Pass a can. Wasannin kyauta irin su eFootball da Fortnite ne kawai ba sa buƙatar haka.

Series S kuwa, ina roƙonka ka yi tunani sau biyu. Na'ura ce mai kyau, ƙarama, ba ta da ƙara, amma ba ta da wurin sa faifai sam. Ba aro, ba musanya, ba sayar da wasan da ka gama. Mai gigabait 512 ɗin, abin da ke rage maka bayan tsarin na'urar ya ɗauki nasa bai wuce 360 da ɗan abu ba, manyan wasanni uku ko huɗu sun cika ta. Idan za ka ƙara wuri, sai katin musamman da aka yi don Xbox, alhali PS5 tana karɓar ma'ajiyar SSD irin ta kwamfuta, M.2, ka buɗe murfi ka ɗaura da kanka. Arhar da ka gani a ranar saye, a hankali za ta fita ta wata ƙofar. Wannan gargaɗin ya hau kan PS5 marar faifai ma.

Saboda haka, a yadda ka bayyana halinka, PS5 mai faifai nake ba ka shawara, sai fa idan abokan ƙwallonka duk Xbox gare su, to ka bi su ka ɗauki Series X, ba za ka yi nadama ba.

Game da ƙannenka, da a ce don su kaɗai za a saya, da Nintendo zan ce. Switch ta fito a 2017, ta wuce miliyan 150, Switch 2 kuma ta biyo a Yunin 2025, kuma Mario Kart da Zelda ba za ka same su a PlayStation ko Xbox ba. Yara huɗu a gaban talabijin ɗaya suna tsere, har yau ba wanda ya kai Nintendo iya wannan. Amma ga mai son ƙwallo da hoto mai kyau ba ita ce ta farko ba. A PS5 ka nema musu Astro Bot, wanda ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a 2024, akwai kuma ƙaramin Astro da ke zuwa kyauta a cikin na'urar. Ka buɗe musu asusun yara a ƙarƙashin naka, ka sa iyakar lokaci da ta kashe kuɗi, kada ka bar katin bankinka a buɗe.

Ka sa kuɗin hannu na biyu a lissafinka tun yanzu, domin ɗaya ake sakowa a kwali. Hannun PS5 batirinsa a ciki yake, caji ake yi, kuma yana saurin sauka saboda jijjigarsa da maɓallan baya masu tauri da laushi; na Xbox batir AA yake ci, ka nemi masu caji. Matsalar sandar da ke jikin hannu ta riƙa jan ɗan wasa gefe ba tare da ka taɓa ta ba, ba ta bar kowane kamfani ba, kuma ƙura da danna ta da ƙarfi suna gaggauta ta, sai ka ja wa yara kunne.

Wajen buɗe asusun PlayStation ka natsu, domin ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa daga baya. Katin kuɗin da za ka loda dole ya dace da ƙasar asusun, haka ƙarin kayan wasa da ake saya ta intanet dole su dace da yankin faifan, ko da yake shi faifan kansa yana aiki a kowace na'ura. Idan kuma wadda wani ya yi amfani da ita za ka saya, kada ka biya sai an haɗa ta da intanet a gabanka ka shiga da asusunka, don akwai waɗanda kamfani ya toshe, kuma ba a gane su da ido. Ka sa faifai ka ga ta karanta, ka bar wasa mai nauyi ya yi kamar rabin awa ka saurari fanka, ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa gaba ɗaya kafin ka ɗauka.